Lissafin haruffan ƙwayoyin cuta da siyasar annoba a duniya

A watan Mayun 2025, ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, suka amince da wata yarjejeniya a birnin Geneva kan yadda duniya za ta tunkari annoba nan gaba, bayan fiye da shekara uku ana tafka muhawara.

Sai dai ba a kai ga wannan matsaya ba sai da aka jingine batun da ya fi kowane zafi, aka ce a ci gaba da tattaunawa a kansa daga baya.

Batun kuwa shi ne, idan wata ƙasa ta gano sabuwar ƙwayar cuta, ta karanta bayanan gadonta, ta miƙa wa duniya, mene ne rabonta idan kamfanoni suka yi amfani da bayanan suka haɗa magani ko allurar rigakafi?

Bayanan da ake ja-in-ja a kansu jerin haruffa ne kawai a cikin kwamfuta. Abin da ya ba su daraja shi ne wata dabarar lissafi da masana suka shafe fiye da shekara 50 suna gyara ta, wato jera haruffan ƙwayoyin halitta masu yawa wuri guda, a daidaita su, a ga inda suka yi kama da inda suka saɓa.

Da wannan dabara ake faɗin inda cuta ta fito, da hanyar da ta bi, da tsawon lokacin da ta yi a ɓoye. A dalilinta an rufe kan iyakoki, an kuma wanke mutanen da kotu ta yanke wa hukuncin kisa.

Haruffa huɗu

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da bayanan gadonta a cikin sinadarin da ake kira DNA, wasu ƙwayoyin cuta kuma a cikin ɗan'uwansa RNA. Masana suna rubuta waɗannan bayanai da haruffa huɗu, wato A da C da G da T.

Ƙwayar cutar shan inna tana da haruffa kimanin 7,500. Ta korona tana da kusan 30,000. Ɗan'adam kuwa yana da kimanin biliyan uku.

Duk lokacin da ƙwayar cuta ta hayayyafa, kwafe haruffanta take yi, kuma a wajen kwafewar akan sami kuskure. Wani harafi ya sauya, wani ya faɗi, wani ya shigo inda babu shi a da. 'Ya'yanta su gaji kuskuren, su kuma ƙara nasu.

Wanda ya san yadda malaman da suke kwafe littattafai da hannu zai gane wannan cikin sauƙi. Idan wani mai kwafe ya tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga wurinsa zai tsallake ta. Saboda haka idan aka tara kwafi goma na littafi ɗaya aka duba kurakuransu, ana iya gane wanne aka kwafa daga wanne, ko da babu wanda ya rubuta sunansa.

Amma kafin a kwatanta, tilas ne a jera kwafin layi bisa layi, kowace kalma ta zauna daidai da takwararta. A nan wahalar take.

Ga misali da gajerun jeri uku. Na farko ACGTTAGC, na biyu ACGTAGC, na uku ACTTAGC.

Na biyu ya gaza na farko da harafi ɗaya. A bayyane yake cewa T ce ta faɗi, to amma wacce daga cikin biyun? Na uku kuma, idan aka gwada shi da na farko, sai a ce G ce ta faɗi. Idan aka gwada shi da na biyu, sai a ce babu abin da ya faɗi, G ce ta rikiɗe ta zama T.

Labari biyu ke nan daga haruffa iri ɗaya, kuma kowannensu yana ba da salsala dabam. Aikin kwamfuta shi ne ta zaɓi inda za ta saka giɓi, tana ba da maki ga kowane harafi da ya dace da takwaransa, tana kuma cin tara a kan kowane giɓi da ta buɗe.

Lissafin da ya fi ƙarfin kwamfuta

A 1970, wasu masana biyu a Amurka, Saul Needleman da Christian Wunsch, suka fito da hanyar samun daidaitawa mafi kyau tsakanin jeri biyu. Ana zana tebur, jeri ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a cike kowane gurbi da maki, sannan a bi hanyar da ta fi tara maki.

Ga jeri biyu masu haruffa 900 kowanne, teburin yana da gurbi 810,000, abin da kwamfuta ke gamawa kafin ƙiftawar ido. Idan jerin suka zama uku, gurabun sun kai miliyan 729. Idan suka kai goma, adadin yana da lambobi 30 a jere, kuma babu kwamfutar da za ta iya cike shi.

A 1994 masu ilimin lissafi suka tabbatar da cewa wannan matsala tana cikin rukunin waɗanda ba a san wata hanya mai sauri ta samun cikakkiyar amsarsu ba.

Saboda haka masana suka koma ga dabara. A 1987, Da-Fei Feng da Russell Doolittle suka bayyana hanyar bi daki-daki. Da farko a gwada jerin biyu-biyu, a gano waɗanda suka fi kusa da juna, a zana bishiyar dangantaka ta wucin gadi. Daga nan a fara daidaita mafi kusa, a riƙa ƙara na nesa ɗaya bayan ɗaya har a gama.

Shekara guda bayan haka, Desmond Higgins da Paul Sharp suka rubuta manhajar Clustal a birnin Dublin na ƙasar Ailan, wadda ke iya wannan aiki a ƙaramar kwamfuta. Takardar da ta gabatar da sabon samfurinta, ClustalW, a 1994, tana cikin goma na farko a jerin takardun kimiyya da aka fi kafa hujja da su, kamar yadda mujallar Nature ta lissafa a 2014.

Sai dai dabarar tana da lahani da masu ita ba su ɓoye ba. Giɓin da aka saka tun farko yana nan daram har ƙarshe, ko da bayanan da suka zo daga baya sun nuna kuskure ne. Icen da ya tanƙware tun yana ɗanye, haka zai bushe.

Manhajojin da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin magance wannan. T-Coffee ta shekarar 2000 tana duba abin da sauran jeri ke faɗi kafin ta yanke shawara a kan kowane biyu. MAFFT, wadda Kazutaka Katoh da abokan aikinsa suka fitar a Japan a 2002, da MUSCLE ta Robert Edgar a 2004, suna komawa baya su warware aikin su sake ɗinke shi sau da yawa har makin ya daina ƙaruwa.

Duk da haka, idan aka ba manhajoji biyu jeri iri ɗaya masu nisa da juna, sukan ba da amsa dabam-dabam. Abin da kwamfuta ke fitarwa hasashe ne mai ƙarfi, kuma ƙarfinsa ya dogara ne da ingancin abin da aka zuba mata.

Darasin shan inna

Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi ganin tasirin wannan lissafi a aikace.

Masu bin sawun shan inna ba sa karanta ƙwayar cutar gaba ɗaya a kullum. Suna duba wani sashe ne mai haruffa kimanin 900, wanda aka lura cewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na haruffansa kan sauya a kowace shekara. Wannan ya mayar da shi tamkar agogo.

A 2003 wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin cewa an gurɓata maganin. Jihar Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunisiya.

A tsakanin 2003 da 2006 cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita. Da aka jera haruffan ƙwayoyin da aka samu a ƙasashen, sai aka ga akasarinsu dangin na arewacin Najeriya ne. An bi sawun wani reshe ta Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya, har ya kai Yemen, inda yara fiye da 400 suka shanye a 2005, da kuma Indunisiya, inda aka sami kimanin 300.

Wannan sakamako bai yi wa mutane da dama daɗi ba a lokacin, amma ya taimaka wajen jawo hankalin sarakunan gargajiya da malamai da gwamnoni su shiga aikin rigakafin da kansu.

Darasi na biyu ya zo ne a watan Agustan 2016. Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga ko mutum ɗaya da ainihin ƙwayar shan inna ba, har an cire ta daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu. Kwatsam sai aka sami yara biyu a Gwoza da Jere a jihar Borno.

Tambayar farko ita ce ko daga wata ƙasa aka shigo da ita. Haruffan suka ce a'a. 'Yar'uwarta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Ma'ana, cutar ta shafe kimanin shekara biyar tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga, ba tare da kowa ya sani ba.

A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Da aka sanar da samun wata yarinya da ita a Malawi a watan Fabrairun 2022, lissafin ne ya nuna cewa ƙwayar dangin ta Pakistan ce, shi ya sa nahiyar ba ta rasa matsayinta ba.

Haka kuma lissafin bai rufa wa masu rigakafin asiri ba. Shi ne ya nuna cewa raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin da ake ɗiga wa yara a baki tana iya rikiɗewa ta dawo da ƙarfinta, idan ta daɗe tana yawo a unguwannin da yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Irin wannan ce ta shanye yara fiye da 400 a Najeriya a 2021, shekarar da ƙasar ta zama ta farko da ta fara amfani da sabon maganin da aka gyara domin rage wannan haɗari.

Shaida a gaban kotu

A ƙarshen shekarun 1990, yara fiye da 400 suka kamu da ƙwayar HIV a wani asibitin yara da ke Benghazi a Libiya. Hukumomi suka zargi ma'aikatan jinya biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine da sanya wa yaran cutar da gangan.

A watan Disambar 2006, mujallar Nature ta buga binciken wasu masana, cikinsu har da Tulio de Oliveira da Oliver Pybus, waɗanda suka jera haruffan ƙwayoyin da aka samu a jikin wasu daga cikin yaran. Yawan bambancin da ke tsakaninsu ya nuna cewa cutar ta fara yaɗuwa a asibitin tun kafin zuwan ma'aikatan jinyar a watan Maris na 1998.

Kotu ba ta saurari wannan hujja ba, domin a cikin watan ne ta sake yanke musu hukuncin kisa. Amma binciken ya ƙarfafa matsin lambar ƙasashen duniya, kuma aka sake su a watan Yulin 2007.

A lokacin annobar Ebola ta 2014 ma, masana sun karanta ƙwayoyi 99 daga majinyata 78 a Saliyo. Sakamakon ya nuna cewa sau ɗaya cutar ta tsallako daga dabba zuwa mutum, daga nan mutane ne ke ba juna. Wannan ya nuna cewa a wajen jinya da jana'iza ya kamata a fi mayar da hankali. Biyar daga cikin waɗanda suka yi binciken sun rasu da cutar kafin a buga shi, ciki har da Dokta Sheik Humarr Khan.

Wanda ya fara gani, shi ake zargi

Annobar korona ta kai wannan aiki wani matsayi da ba a taɓa gani ba. A ranar 11 ga Janairun 2020 aka saki jerin haruffan ƙwayar a intanet, daga ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Zhang Yongzhen na birnin Shanghai. Cikin 'yan kwanaki kamfanoni suka fara tsara allurar rigakafi daga haruffan kaɗai, ba tare da sun riƙe ƙwayar a hannu ba.

A farkon watan Maris na shekarar, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, tare da wasu hukumomin lafiya na Najeriya, ta fitar da jeri na farko na ƙwayar daga nahiyar Afirka.

Daga baya jerin da aka tara a rumbun bayanai na GISAID ya haura miliyan 15. Tsofaffin manhajoji ba za su iya da wannan yawa ba, don haka aka koma gwada kowane sabon jeri da na asali na birnin Wuhan, sannan a maƙala shi a reshen da ya dace a wata ƙatuwar bishiyar dangantaka.

A watan Nuwamban 2021, masana a Botswana da Afirka ta Kudu, cikinsu har da Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka ga wani jeri da ya saɓa wa na asali a wurare kusan 50. Suka sanar da duniya nan take, WHO ta raɗa masa suna Omicron.

Tukwicin da suka samu shi ne rufe ƙofa. Ƙasashen Turai da Amurka suka hana shigar matafiya daga kudancin Afirka. A farkon Disamba Birtaniya ta ƙara da Najeriya, Saudiyya ma ta dakatar da jiragen da ke tasowa daga ƙasar. Alhali kuwa hukumomin Holan sun gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarsu tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu.

A nan ne iyakar lissafin ke bayyana. Kwamfuta tana kwatanta abin da aka ba ta ne kawai. Idan ƙasa ɗaya tana karanta dubban samfura, maƙwabciyarta kuma ko ɗaya ba ta karantawa, bishiyar za ta nuna kamar daga ta farkon cutar ta fito. Wurin da aka fara ganin cuta da wurin da ta samo asali suna iya zama wurare biyu dabam, amma 'yan siyasa ba kasafai suke jiran wannan bayani ba.

Rabon amfani

Ƙorafin ƙasashe masu tasowa ya girmi korona. A 2007 Indunisiya ta ƙi ci gaba da ba WHO samfuran murar tsuntsaye, tana mai cewa ana haɗa rigakafi da su a sayar a farashin da talakawanta ba za su iya saye ba. Rikicin ya haifar da wani tsari na rabon amfani a 2011, amma ga mura kaɗai.

A wancan lokaci ana maganar kwalabar samfur ce, wadda ƙasa za ta iya riƙewa a firijinta. Yanzu da haruffa suka wadatar, da zarar an ɗora su a intanet sun fita daga hannun mai su.

Darajarsu kuma ƙaruwa take yi. Manhajar AlphaFold, wadda ke hasashen siffar furotin, kuma ta sa Demis Hassabis da John Jumper suka sami rabin kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024, tana dogara ne sosai da jera dubban furotin masu dangantaka da aka tattaro daga halittun duniya. A shekarar ce kuma taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a birnin Cali na Kolombiya ya amince da kafa asusun da manyan kamfanoni za su riƙa saka wani kaso na abin da suka samu daga irin waɗannan bayanai.

Ƙasashen Afirka suna son a ɗaure ba da bayanai da samun magani, ya zama wajibi a rubuce. Ƙasashen da ke da manyan kamfanonin magunguna kuwa suna cewa duk wani sharaɗi zai jinkirta musayar bayanai a lokacin da kowace rana ke da tsada. Yarjejeniyar 2025 ta yi tanadin cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su ware wa WHO har kashi 20 cikin ɗari na abin da suke samarwa a lokacin annoba, rabi a kyauta, saura a farashi mai sauƙi. Amurka ba ta cikin waɗanda suka amince, domin tun a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin ficewarta daga hukumar.

A ɓangaren Afirka an sami ci gaba. Shekaru da dama, samfuran shan inna da aka tantance a ɗakunan gwaje-gwaje na Ibadan da Maiduguri sai an kai su birnin Atlanta na Amurka kafin a karanta haruffansu. Kafin korona ƙasashe ƙalilan ne a nahiyar ke da injinan zamani na wannan aiki a cibiyoyin lafiyarsu na gwamnati, amma shirin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2020 ya kai su fiye da ƙasashe 30.

Sai dai injin rabin aiki ne. Akasarin manhajojin da aka ambata kyauta ne ga duk mai intanet, amma ana buƙatar mutanen da suka san lissafi da ilimin halittu a lokaci guda, waɗanda za su iya duba abin da kwamfuta ta fitar su ce wannan giɓi ba a wurinsa yake ba. Ana kuma buƙatar wutar lantarki da sinadaran gwaji, waɗanda har yanzu akasarinsu da kuɗin ƙasashen waje ake sayowa.

Abin da ya faru a Borno a 2016 ya nuna cewa cuta tana iya fakewa shekara da shekaru a duk inda ba a ɗaukar samfur. Abin da ya faru da Omicron kuma ya nuna cewa ƙasar da ta yi gaskiya tana iya shan wahala a kan gaskiyarta. Matuƙar ba a daidaita waɗannan biyu ba, akwai fargabar cewa a annoba ta gaba wata gwamnati za ta ga baƙon jeri a kwamfutarta, ta tuna da abin da ya sami Botswana da Afirka ta Kudu, ta zaɓi yin shiru.